Ko Ka San Kwamfuta Ma Tana Rabon Kwana?

Ko ka san kwamfuta ɗaya tana iya zama da Windows da Linux a cikinta, duk lokacin da ka kunna ta sai ta tambaye ka wajen wa za ka? Na fara ganin haka ne a shagon wani mai gyara a Yelwan Yawuri. Yana danna maɓalli sai ga baƙin allo da sunaye biyu, ga lamba tana ƙirga daƙiƙa goma. Ya ce, "Malam, rabon kwana ne. In ka yi shiru, uwargida ce da girki."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙanƙantar wurin da ake yanke wannan hukunci. A tsohon tsari, komai yana farawa ne daga gurbin farko na faifan ajiya, mai cin bayit 512 kacal, kamar a ce haruffa 512. Daga ciki, 446 ne na umarnin tayar da na'ura. Saƙon tes guda haruffa 160 ne, ka ga saƙo uku sun fi umarnin yawa! Sai 64 na rajistar ɗakunan da aka yanka faifan, kowane ɗaki 16. Yi lissafi da kanka: ɗaki huɗu ne. Ashe ita ma a huɗu ta tsaya, ƙari sai da dabara. Biyun da suka rage hatimi ne, 55 da AA. In babu su, kwamfuta ba za ta tashi daga faifan ba, ko da maƙare yake da kaya.

Wannan tsari ya zo ne a 1983, zamanin da IBM ke sayar da kwamfuta mai faifan megabayit 10, abin da hotuna kaɗan na wayar yau za su cinye. Manhajar da ke fito da baƙin allon nan, GRUB, Erich Boleyn ya fara rubuta ta a 1995. Ta fi ƙarfin gurbin, don haka ɗan guntunta kawai ake sawa a can. Aikinsa irin na ɗan kamasho ne a bakin ruwan Wara: ba shi ke tuƙi ba, jirgi kawai yake nuna maka. Sababbin kwamfutoci kuwa sun koma tsarin GPT, mai ɗaukar ɗaki 128.

Kishin ma yana nan. In aka zuba Windows daga baya, takan mamaye ƙofar, allon zaɓi ya ɓace, ka ɗauka Linux ta yi yaji alhali tana ɗakinta. Kuma ba sa jituwa a kan agogo. Linux tana ajiye lokacin Girinwic, Windows tana ɗaukarsa a matsayin na gida, mu kuwa a Najeriya muna gaba da awa ɗaya. Ranar da aka haɗa mini su a tawa, ina zaune ina ganin da sauran awa guda kafin azahar, sai na ji ladan.

In za ka gwada, kwashe kayanka a filashi tukuna, ka fara zuba Windows, sannan Linux. Lokacin salla kuwa, duba agogon hannunka.