Camille Laurin: Likitan da Ya Tsaya wa Faransanci a Kebek

A ranar 26 ga Agusta, 1977, majalisar dokokin lardin Kebek da ke ƙasar Kanada ta amince da Doka ta 101, dokar kare harshen Faransanci. Mutumin da ya ɗauki nauyinta a ka, Camille Laurin, likitan taɓin hankali ne da ya shiga siyasa bayan ya haye shekara arba'in.

An haife shi a 1922 a garin Charlemagne, kusa da Montreal. Ya yi karatun likitanci a jami'ar Montreal, ya ƙaro ilimi a Boston da Paris, ya kuma yi suna wajen fafutukar gyara gidajen masu taɓin hankali, waɗanda a zamanin suka fi kama da kurkuku. Da idon likita ya kalli al'ummarsa. A ganinsa, masu jin Faransanci sun daɗe a ƙarƙashin wasu har raina kai ya zame musu ciwo, kuma maido da martabar harshensu shi ne magani.

Yana da hujja. Kusan mutum takwas cikin goma na lardin Faransanci suka sha a nono, amma a masana'antun Montreal leburan na hira da Faransanci, shugaban aiki na ba da umarni da Ingilishi. Wani kwamitin bincike na gwamnatin tarayya ya gano cewa a ƙidayar 1961, masu jin Faransanci na can kusa da ƙasan jeri wajen samun kuɗin shiga. Baƙin da suka zo daga Italiya da Girka kuwa sun ga inda abinci yake, sai suka riƙa kai 'ya'yansu makarantun Ingilishi.

Laurin na cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Parti Québécois mai neman 'yancin lardin a 1968, tare da René Lévesque. Ya ci kujerar mazaɓar Bourget a majalisar lardin a 1970, ya sha ƙasa a 1973, ya dawo a 1976 lokacin da jam'iyyar ta lashe kujeru 71 cikin 110. Lévesque ya ba shi muƙamin ministan raya al'adu.

Shi kansa Firimiya Lévesque bai so dokar ta yi tsauri haka ba. Laurin ya ƙi ja da baya. Ya zagaya lardin yana bayani, a tsanake, ba ya ɗaga murya ko da ana zaginsa a zauren taro, abin da ya ƙara tunzura abokan hamayya. Dokar ta mayar da Faransanci harshen gwamnati da aiki da kasuwa. Allon shago sai da Faransanci kawai. Kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye dole ya koma gudanar da aikinsa da shi. Ɗan baƙo kuma makarantar Faransanci zai shiga.

An biya farashi, kuma bai kamata a ɓoye ba. A 1978 kamfanin inshora na Sun Life ya sanar da kwashe hedikwatarsa zuwa Toronto, dubun-dubatar masu jin Ingilishi kuma suka tattara nasu-ya-nasu suka bar lardin. Kotun Ƙoli ta soke wasu sassan dokar a 1979 da 1984 da 1988. Hana mai shago rubuta harshensa a allonsa ya wuce gona da iri, kotu ta yi daidai. Amma sashen makarantu ya yi aikin da aka so: yau a Montreal za ka ji ɗan asalin Vietnam da ɗan asalin Labanon suna gardamar wasan ƙwallo da Faransanci irin na Kebek.

Babban burin, wato 'yancin lardin, shi ne ya faskara. A ƙuri'ar raba-gardama ta 1980, kusan kashi 60 cikin ɗari sun ƙi amincewa. Laurin ya riƙe ma'aikatar ilimi daga 1980 zuwa 1984. Da Lévesque ya jingine batun 'yanci don gwada sulhu da sabuwar gwamnatin tarayya ta Brian Mulroney, Laurin ya ajiye muƙami a ƙarshen 1984, shi da Jacques Parizeau da wasu ministoci. Ya koma aikin likita, sai a 1994 ya sake shiga majalisa, ya ga yadda masu neman 'yanci suka samu kashi 49.4 a ƙuri'ar raba-gardama ta 1995. Ya rasu a watan Maris na 1999.

Masu nazari da dama na ganin nasarar dokarsa ce ta rage wa batun ɓallewa ƙarfi, don wanda ya samu aiki da muƙami da harshensa a cikin Kanada ba ya gaggawar fita. A 2022 gwamnatin lardin ta François Legault, wadda ba ta neman raba ƙasa, ita ce ta ƙara tsaurara dokar, ta faɗaɗa ta zuwa kamfanoni masu ma'aikata 25.