Takardar hannu da ɗab'in haruffa: Dalilin da ya sa tsoffin littattafai ke daɗewa fiye da na baya-bayan nan

A ɗakunan adana kayan tarihi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, akwai littattafan da aka rubuta da hannu tun ƙarni na 19 waɗanda har yau ana buɗe su ana karantawa. Amma jaridar da aka buga shekaru 40 da suka wuce sau da yawa takan yi ja, ta bushe, ta riƙa karyewa da zarar an naɗe ta.

Bambancin yana cikin yadda aka yi takardar da kuma yadda aka sa rubutu a kanta. Wannan ne ya sa masu zane da masu gyaran tsoffin littattafai a ƙasashe da dama suka koma wa sana'o'i uku da injuna suka ture gefe: yin takarda da hannu, ɗab'i da haruffan dalma, da haɗa littafi ɗaya bayan ɗaya.

Yadda ake yin takarda da hannu

Tarihin ƙasar Sin ya danganta yin takarda ga wani jami'in fada mai suna Cai Lun, wanda ya gabatar wa sarki da ita a shekarar 105 Miladiyya. Ya yi amfani da ɓawon itace da tsummoki da tsoffin tarun kamun kifi.

Hanyar ba ta sauya sosai ba tun daga lokacin. Ana jiƙa tsumma ko zaren tsiro, a daka shi har ya zama kamar kunu, sannan a dama shi cikin ruwa mai yawa. Mai aikin yakan tsoma wata rariya mai kusurwa huɗu a ciki, ya ɗago ta a daidaice, ya girgiza ta gaba da baya da gefe da gefe domin zaren ya sarƙe da juna. Idan ruwa ya tsiyaye sai ya kife abin da ya rage a kan bargo, a danne, a shanya. Kowane tsomi takarda ɗaya yake bayarwa.

Sana'ar ta isa Samarƙandi a ƙarni na 8, daga nan ta shiga Bagadaza a zamanin Haruna Rashidu, ta bi ta Misira har Andalus. A ƙarni na 13 mutanen garin Fabriano na Italiya suka ƙara mata abubuwa biyu. Sun riƙa tsoma takarda cikin wani manne da ake samu daga dafa fatar dabbobi domin kada tawada ta bazu, sun kuma ƙirƙiro tambarin cikin takarda, wato zanen waya da ake ɗinkawa a jikin rariya. Wurin da wayar take yakan fi sauran takardar siranta, saboda haka ana ganin zanen idan aka ɗaga ta ga haske.

Takarda mai wata uku

Wannan tambari yana da muhimmanci ga tarihin ilimi a Nijeriya. Yawancin littattafan malaman Daular Usmaniyya da na Barno an rubuta su ne a kan takardar da aka yi a arewa maso gabashin Italiya, mai ɗauke da tambarin jinjirin wata guda uku. Masana'antun yankin, ciki har da na iyalan Galvani da ke Pordenone, suna yin ta ne musamman domin kasuwannin ƙasashen Musulmi.

Fatake ne ke ɗauko ta daga Tarabulus da Alƙahira, su ratso hamada da ita a kan raƙuma. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ambaci wannan takarda cikin kayan da ake shigowa da su kasuwar birnin. A yau masu bincike kan yi amfani da tambarin wajen kimanta lokacin da aka kwafi littafin da ba a sa masa kwanan wata ba.

Sauran aikin kuwa na gida ne. Marubuci ne ke fiƙe alƙalaminsa daga gamba ko kara, ya haɗa tawadarsa da ƙaro. A rubutun Alƙur'ani yakan sa baƙi ga haruffa, ja ga wasula, ruwan ɗorawa ga hamza, ya yi zayyana a wuraren da aka raba hizifi. Ba a ɗinke warƙoƙin. Ana jera su ne tsakanin bango biyu, a ɗaure, a sa cikin gafakar da dukawa suka ɗinka. Abin da ke hana su rikicewa shi ne kalmar farko ta shafi na gaba da ake rubutawa a ƙasan shafin da ya gabace shi.

Abin da ke cinye takardar zamani

A ƙarni na 19 buƙatar takarda ta fi ƙarfin tsumman da ake samu a Turai, sai masana'antu suka koma niƙa itace. Takarda ta yi araha ƙwarai, jarida da littafin makaranta suka kai hannun talaka, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Sai dai zaren itacen da aka niƙa gajere ne, yana kuma ɗauke da wani sinadari da ake kira liginin, wanda ke sa takarda ta yi ja idan haske da iska suka taɓa ta. Mannen da aka riƙa haɗawa da alam shi ma yana barin asid a cikin takardar, wanda ke tsinka zaren sannu a hankali. Zafi da laima suna hanzarta wannan lalacewa, shi ya sa matsalar ta fi tsanani a ƙasashe irin Nijeriya. Zaren auduga da na lilin kuwa dogaye ne kuma kusan babu liginin a cikinsu.

Ɗab'i da haruffan dalma

Littafi mafi tsufa da ya rage wanda aka buga da haruffan ƙarfe masu cirewa shi ne Jikji na ƙasar Koriya, na shekarar 1377. A Turai, Johannes Gutenberg na birnin Mainz a Jamus ya kammala buga Baibul wajen 1455, kimanin kwafi 180, da haruffan da ya zuba daga haɗin dalma da kuza da wani ƙarfe. Kusan 49 daga cikinsu suna nan har yau, wasu cikakku wasu ɓangare.

Mai jera haruffa yakan ɗauko su ɗaya bayan ɗaya daga akwati mai gidaje, ya jera su a juye, ya cike tsakanin kalmomi da ƙananan ƙarafa. Idan shafi ya cika sai a matse shi cikin firam, a shafa tawada, a danna takarda a kai. Bayan an gama bugu ana mayar da kowane harafi gidansa domin shafi na gaba.

Da irin wannan aiki ɗab'i ya fara a Nijeriya: a Kalaba a 1846, sannan a Abeokuta a 1854, inda Henry Townsend ya fara fitar da jaridar Iwe Irohin a 1859. A arewa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a watan Janairun 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. A shekarun 1930 ne aka shigar da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, cikin rubutun boko, kuma kowannensu sai da ya samu nasa ƙarfen kafin ya hau shafi.

Littafi a matsayin aikin zane

Komawa ga aikin hannu ta samu ƙarfi ne a Ingila, lokacin da William Morris ya kafa maɗaba'ar Kelmscott a 1891 saboda rashin gamsuwa da littattafan injin zamaninsa. Ya zana haruffansa da kansa, ya sa aka yi masa takarda da tsumman lilin. Babban aikinsa, tarin rubuce-rubucen Chaucer na 1896, kwafi 425 aka buga a kan takarda, da zane 87 na Edward Burne-Jones.

Daga irin wannan tunani aka samu abin da ake kira littafin mai zane, inda takarda da haruffa da ɗinki suke cikin saƙon da mai aikin ke son isarwa. Ana yin kwafi kaɗan, a sa wa kowanne lamba da sa hannu. A Nijeriya, Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatun zane a Zariya, ya yi suna wajen buga zane da hannu, kuma tun 1998 yake shirya taron koyar da masu zane a Agbarha-Otor da ke Jihar Delta.

Hukumar UNESCO ta sanya takardar hannu ta Japan, wadda ake kira washi, cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada a 2014. Da wannan takarda masu gyaran littattafai a faɗin duniya ke liƙe yagaggun shafuka, saboda sirantarta da ƙarfinta.

Abin da ya shafi mai littafi a gida

Manyan masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, kuma mafi yawan takardar da ake ɗab'i da ita daga waje take zuwa. Aikin hannu ba zai cike wannan giɓi ba. Amma kayan yin sa suna nan birjik: ragowar yadin auduga daga shagon tela, rama, da jikin ayaba duk suna ba da zare mai kyau, kuma turmi da baho da rariya sun isa a fara koyar da ɗalibai.

Ga iyalan da suka gaji rubuce-rubucen iyaye da kakanni, abubuwan kiyayewa kaɗan ne. Kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, domin mannensa na ratsa takarda ya bar tabo. Kada a rufe shafi da leda mai zafi, domin cire ta yana da wuya kuma takan ɓata rubutu. Kada a naɗe tsohon littafi cikin jarida, saboda asid ɗinta na shiga maƙwabciyarta. A ajiye shi a kwance cikin gafakarsa ko farin ƙyallen auduga, nesa da ƙasa da bango mai laima, a riƙa duba shi saboda gara, musamman da damina. Wanda ke son kwafi ya ɗauki hoton shafukan bi da bi, ya mayar da su yadda ya same su.