Gidan Sayarwa A Kafin Hausa: Tsakanin Fenti Da Inuwa

A cikin bazarar bara ne wani abokin aikina ya nemi in raka shi Kafin Hausa domin ya duba wani gida da magada suka sa a kasuwa. Mun isa da misalin ƙarfe biyu na rana, lokacin da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa. Gidan ya sha sabon fenti ruwan madara tun daga ƙofa har katangar baya, an shimfiɗe tsakar gida da intalok, an kuma jera tukwanen fulawa guda shida a bakin baranda, waɗanda ko makaho ya shafa ya san ba su kwana uku a wurin ba. A tsakiyar wannan ƙawa sai ga wani kututture an shafe kansa da siminti. Da na tambaya, dillali ya washe baki ya ce: "Ranka ya daɗe, ai mangwaro ne ya tare fuskar gidan, ni na ba su shawara a sare shi domin gida ya fito." Gida kam ya fito, amma mu ba mu iya tsayuwar minti biyar a tsakar gidan ba, sai da muka koma gindin darbejiyar maƙwabta muka ƙarasa magana.

Mai karatu zai iya tambaya, yaushe cinikin gida ya zama abin rubutu a garin da jiya-jiya kowa ke zaune a gidan da ya gada? Amsar ita ce, tun da aka kafa jami'ar Jihar Jigawa a garin a 2013, wadda daga baya aka raɗa mata sunan Sule Lamido, malamai da ma'aikata da ɗalibai suka shigo suna neman muhalli. Abin da ya faru da Dutse ke nan tun 1991 da ta zama babban birnin jiha, ya kuma ƙaru a 2011 da zuwan jami'ar tarayya. A da, a ce wa mutum ya sayar da gidan ubansa zagi ne, domin kalmar "gida" a Hausa ba ta tsaya ga gini ba. Ta haɗa da zuriya da mutunci, shi ya sa ake tambayar ɗan gidan wane ne wannan, ake kuma cewa ya fito daga babban gida. Yanzu gida ya zama haja, kuma ban ga laifin haka ba. Abin da ke damuna shi ne irin abubuwan da aka koya mana cewa su ne ke ƙara wa hajar daraja.

Bari in ɗan ratse ta fannina. Hausa tana da "lambu" da "garka", kuma dukkansu wuraren shuka abin ci ne. Tana da "fure", amma shukar da ake ajiyewa don kallo kawai sai da muka ari sunanta, muka ce "fulawa", har ta yi karo da fulawar burodi. Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san ƙawa ba. Yana nufin ya fi auna shuka da inuwarta da 'ya'yanta da maganinta. Dubi yadda muke kiran wurarenmu: Kurna da Ɗorayi da Durumin Iya da Rimin Gado a Kano, Kanya Babba a nan Jigawa. Shi kansa "kafi" shingen itatuwa ne da ake kafawa a kewaye gari da shi. Mutanen da suka sa wa unguwanninsu sunayen bishiyoyi, yau su ne ake ce wa bishiya tana ɓata fuskar gida.

Alhali kuwa ƙasar ba ta sauya ba. Damina a wannan yanki ba ta cika wuce wata huɗu ba, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura maki 40. Bangon da ke fuskantar yamma yana shan rana tun daga azahar har magariba, sa'annan ya kwana yana amayo zafin cikin ɗaki, a lokacin da ba kowa ke da tabbacin wutar da za ta juya fanka ba. Bishiya ɗaya a yammacin gini tana rage wannan azaba ba tare da an biya ko kwabo ba. Intalok da siminti kuwa akasin haka suke yi: suna riƙe zafi da rani, da damina kuma su rage wa ƙasa shan ruwa, su tura shi gindin katanga ko gidan maƙwabci. Mangwaron da aka sare a wancan gida ya yi aƙalla shekara goma sha biyar, in aka dubi kaurin kututturensa. Fenti ana sayensa a kasuwa a shafa cikin kwana biyu, amma babu kasuwar da ake sayar da shekara goma sha biyar.

Sai dai kada a ɗauka kowace bishiya ta dace da kowane gida, domin dillalin nan yana da ɗan guntun uzuri. Darbejiya, wadda wasu ke kira maina, wasu dogon yaro, wasu kuma bedi, baƙuwa ce daga yankin Indiya, an shigo da ita Borno a 1928, ta kuma zama 'yar gida saboda jure fari da saurin girma. Amma saiwarta tana yawo, in aka dasa ta jikin katanga ko kusa da sokawe, wata rana sai ta tsaga su. Wurinta shi ne ƙofar gida ko can ƙuryar fili, a bar aƙalla taku goma tsakaninta da gini. Durumi da ceɗiya sun fi ta ɓarna ta wannan fuska. Inuwarsu ta dandali ce da ƙofar fada. Bishiyar turare tana zuƙe ruwan ƙasa, rassanta kuma kan karye da guguwa, don haka ba ta da hurumi kusa da kwanon rufi. Gawo albarka ne a gona, tun da yana kaɗe ganye da damina ya yi sabo da rani, amma girmansa da ƙayarsa sun fi ƙarfin tsakar gida. Ita kuwa tsamiya ba ta da wani aibi sai jinkirin girma da camfin mutane, kuma na ga mai digiri biyu ya fasa ciniki saboda ita, wai matarsa ba za ta iya fita alwala da dare ba.

Ga ƙaramin gida, zogale ya fi komai sauƙi: cikin shekara guda ya kai a ci, saiwarsa ba ta fasa gini, in ya yi tsawo a datse shi ya sake tohowa. Lalle yana yin shinge mai ƙamshi idan ya yi fure. Gwaiba da lemun tsami suna rayuwa da ruwan alwala da na ɗauraya in aka karkata musu shi. Mangwaro yana son ban-ruwa a shekarunsa na farko, bayan nan ya riƙe kansa. Sa'annan ga dabino, wanda ya zama tambarin Dutse, inda ma akwai reshen cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa da ke aiki a kansa. Abin lura game da shi shi ne akwai mace akwai namiji, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya. Wanda ya shuka ƙwallo yana iya jiran shekaru ya tarar da namiji ya raina, shi ya sa masana suka fi son a dasa tohon da aka cire daga gindin macen da aka san zaƙinta. Doguwar bishiyar nan siririya mai saukakkun ganye da ake jerawa a gidajen ma'aikata kuwa, ban hana ba, amma inuwarta ba ta isa akuya ta kwanta ba.

Akwai abin da ya fi sare bishiya muni a wancan gida. Da muka zaga baya, abokina ya lura fentin ya kumbura a ƙasan bango, a kan layi ɗaya miƙaƙƙe, kamar tsayin gwiwa. Ya sa farce ya ɓanɓare, sai ga shatin ruwa. Wanda ya san yankin ba zai yi mamaki ba. Kafin Hausa tana cikin kwarin Kogin Haɗeja, wani reshensa ma sunan garin yake ɗauke da shi, kuma ambaliyar 2022, wadda ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, ba ta bar ƙaramar hukumar ba. Ruwa ya shiga gida ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a lulluɓe shaidarsa da fenti. Fikihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke aiki da shi ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, ya kuma ba mai saye damar neman haƙƙinsa idan ɓoyayyen aibi ya bayyana. A yawancin jihohin Amurka, inda shirya gida domin sayarwa ya zama sana'a mai zaman kanta, doka tana tilasta wa mai gida ya rubuta lahanin da ya sani a takarda. Mun kwaikwayi tukwanen fulawarsu, mun bar takardar.

Magina na da sun san wannan ƙasa fiye da mu. Sun san hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ya fi samun kulawa. Suna ɗaga dakali a gindin katanga, suna sa indararo mai tsawo ya jefa ruwa nesa da tushe, suna kuma yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Yau sai a ɗauki bangon ƙasa a shafe shi da siminti domin ya yi kama da na bulo. Simintin ba ya kama ƙasa sosai. Ruwa ya sami tsaga ya shige, ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa jiƙewa ta ciki, a waje kuwa yana sheƙi. Mai son gyara gida domin kasuwa, da zai kashe kuɗinsa a kan rufi da magudanar ruwa da gindin katanga da sokawe, da ya fi masa tayil ɗin falo.

Batun ƙawar ciki ba ya buƙatar dogon bayani. Silin mai ado da fitilu masu launi da labule masu tsada ba sa dawo da kuɗinsu, domin uwargidan da za ta shigo tana da nata ra'ayin, kuma da wuya ta bar abin da ta tarar. A share, a kwashe tarkace, a buɗe tagogi, a gyara famfo. Abu ɗaya da zan roƙa shi ne, in gidan yana da tsohon zaure mai zankwaye ko zanen dagi a goshin ƙofa, kada a goge. Masu irin wannan aiki, wanda ya ƙawata Zariya da Kano da Damagaram, suna ƙarewa, kuma mai sayen da ya san darajarsa ba ƙaramin mai saye ba ne.

Saura takarda, wadda ita ce ƙawar da ba a gani. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasa a hannun gwamna bisa amana, kuma gidan da ke da takardar mallaka ta gwamnatin jiha ba ya sauya hannu sai da amincewarsa. Gidan gado kuma yana da nasa sharaɗin: a tabbata an raba, ko dukkan magada sun yarda, har da mata da ke gidajen aurensu da marayun da ba su balaga ba, domin abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya biya kuɗin ya karɓi kason da aka sayar wa bare. Shaidar mai unguwa da dagaci tana da amfani ƙwarai, amma ba ta maye gurbin waɗannan.

Abokina bai sayi gidan ba. Kafin mu tafi ya tambayi dillali ko za a rage masa kuɗin mangwaron da aka sare, dillali ya yi dariya yana zaton wasa ne. Bayan wata biyu ya sami wani a kan ɗan tudu, fentinsa ya koɗe, ƙofarsa tana ƙara, amma akwai dabino biyu da gwaiba a ciki da darbejiya a waje, takardunsa kuma cif. Ya biya fiye da abin da aka yi wa na farkon kuɗi. Da na sake bi ta layin bayan damina, na tarar gidan mai fenti yana nan da rubutun "na sayarwa ne" a jikin katanga, tukwanen fulawar kuwa an kwashe su, wataƙila zuwa wani gidan.