Wutar da Take Ƙiftawa da Asuba

Ga kacici-kacici. Mene ne yake tashi da ciwo da asuba, hantsi na dubawa ya warke ba tare da ya sha magani ba, ranar Juma'a kuwa ko atishawa ba ya yi? In ka ce malalacin almajiri, ka yi ƙoƙari, amma ka faɗi. Majinyacin namu babur ne.

Na wani ƙanena ne, malamin dabbobi a ƙasar Kiru. Aikinsa yana kai shi rugagen da ke kewaye da dajin Ɗansoshiya, inda gwamnatin Ganduje ta buɗe matsugunin makiyaya a 2020, kuma mai son ya ga shanu a kan turke dole ya yi sammako kafin a kora su kiwo. A yankin da Boxer da Jincheng suke mulki, shi sai ya je Kano ya sayo roba-roba na hannu, irin wanda ba shi da ramin makulli. Rimot yana aljihu, ka murɗa wani maɓalli, ka danna sitata, ka wuce ana kallonka. Ya sha kallo har hunturu ya shigo. Sai wata 'yar wuta mai hoton makulli ta fara ƙifta masa ido a kan mita, kullum da asuba. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta mutu. Babur ya tashi lafiya ƙalau. Ran nan kuma maɓallin ya ƙi murɗuwa sai da ya yi ta fama.

"Yaya, in abin nan ya ƙi ni a tsakiyar daji fa?" Tambayar da ta sa na karɓi binciken ke nan.

Wanda aka fara zargi shi ne wanda kullum ake fara zargi, wato batirin babur. Muka nufi wani bakanike a Kwanar Ɗangora. Ya danna hon, har mai tsire ya waiwayo. Ya kunna fitila, tar. Ya ɗora mita, ta nuna bolt 12 da 'yan kai, kamar yadda lafiyayyen batir yake nunawa. Ya ce, "Malam, wannan ko shekara zai ƙara." Ya murɗa maɓalli don ya ga wutar da idonsa. Lokacin azahar ta kusa. Ko ƙyas.

'Yan majalisar bakin gareji ba sa barin shari'a ta wuce su. Ɗaya ya ce man bumburutu ne, an gauraya shi da kananzir. Na so wannan zargin, don 'yan bumburutu ba su cika rasa laifi ba, sai dai wutar tana ƙiftawa tun inji bai motsa ba, tun ɗigon mai bai bar tanki ba. Wani ya ce ɓera ne ya ci waya, tunda a zauren da babur yake kwana akwai buhunan masara. Mai rewaya ya kwance robobin gaba, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya hure ƙurar hunturu, ya karɓi kuɗin aikinsa. Babu ko tabon haƙori. Washegari da asuba waya ta yi ƙara. "Yaya, ta sake."

Zargi na gaba ya fi kama hankali. Wani malamin makaranta ya ce eriyar kamfanin waya ce, kuma maganarsa tana da tushe. Irin wannan makulli da rediyo yake aiki: babur yana aika kira mai rauni wanda ba ya wuce 'yan taku, rimot ya ji, ya amsa da lambarsa ta sirri, sannan a saki maɓalli. Inda wata sigina mai ƙarfi ta cika wuri, amsar tana iya ɓacewa a hanya. Muka je gindin eriya da la'asar, muka kashe, muka kunna. Lafiya lau. A unguwar da yake kwana kuwa, sai ya fito bakin titi yake samun sabis sosai. Eriya ta fita.

Inna, da labari ya kai mata, ta ce baki ne, ai ta faɗa tun ranar da aka kawo babur mara makulli. Ban yi mata musu ba, na dai rubuta a gefe.

Saura mutum ɗaya. Rimot.

Za ka ce ai da shi ya kamata a fara, tunda hoton makulli ne a kan mitar. Bakaniken ma ya yi wannan tunani tun ranar farko. Ya ɓalle rimot ɗin, ya zaro ɗan batirin agogon da ke ciki, ya ɗora masa mita: bolt 3, abin da aka rubuta a jikinsa. Shaida ta wanke shi a gaban jama'a, aka mayar da shi ɗakinsa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na koma kan ranakun da wutar ba ta ƙifta ba, don wani lokaci abin da bai faru ba ya fi yawan magana. Juma'a, na farko. Me ya bambanta Juma'a? Ba ya zuwa ruga, sai rana ta take yake fito da babur ya tafi masallaci. To, akwai wata ranar? Ya yi shiru, sannan ya ce akwai. Ya taɓa kwana a Tudun Wada wajen abokinsa mai harkar shinkafa, ya tashi da asuba cikin muku-mukun sanyin da ke saukowa daga wajen Falgore, ya tayar da babur, wuta ba ta ƙifta ba.

Asuba ce. Sanyi ne. Babur ɗin ne. Me ya canza?

"A Tudun Wada, ina makullin ya kwana?"

"A aljihuna mana, Yaya. Da rigar na kwanta."

"A gida fa?"

"A ƙusa. Bakin ƙofar zaure."

Na ce ya kwana da shi a ƙarƙashin bargo. Gari ya waye. Shiru. Daren gaba ya mayar da shi ƙusa. Ta ƙifta.

Ashe wanda muka saka shi ne mai laifin, kuma mitar ba ƙarya ta yi ba, tambayar da aka yi mata ce ba ta isa ba. Ɗan batirin lithium yana riƙe bolt ɗinsa kusan 3 har ya kusa ƙarewa. Abin da yake raguwa shi ne ƙarfin turo wuta a lokaci guda. Mitar bakanike kusan ba ta jan komai, don haka ta gan shi garau. Rimot kuwa, lokacin da zai amsa kiran babur, yana fizgar wuta a cikin ƙiftawar ido, a nan ne bolt ɗin yake faɗuwa, rimot ya haɗa da saƙon cewa batirinsa ya yi rauni, babur ya kunna maka hoton makulli. Kamar tsohon jaki ne: a tsaye lafiyarsa ƙalau, ɗora masa mangala ka gani. Sanyi kuma yana rage saurin aikin sinadaran da ke ciki. Daren Disamba da Janairu a ƙasar Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15. Sabon batir ba zai ji komai ba, amma wanda yake bakin gaɓa, wannan ya ishe shi. Da ya shiga aljihu ya ji ɗumin jiki, ko rana ta buɗe, sai ya farfaɗo ya wuce gwaji. Shi ya sa duk wanda muka kai wa ƙara da rana ya ga kamar mafarki muke yi.

Masu ƙera babura sun san da wannan. A littafin Honda PCX, ƙiftawa biyar bayan kunnawa tana nufin a canza batirin makulli. A na Yamaha NMAX wutar takan yi ta ƙiftawa kamar daƙiƙa 20. Dukansu CR2032 suke ci. Sai dai babur na hannu da wuya ya iso da littafinsa.

Da muka sake ɓalle rimot ɗin, a wajen mai gyaran agogo wannan karon, sai ga abokin laifi. Mutumin ya ɗaga batirin ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Alhaji, wannan ai 2025 ne." Lambar tana faɗin girma: 20 na farko faɗi ne, milimita 20, biyun ƙarshe kauri. CR2032 kaurinsa milimita 3.2, CR2025 kuwa 2.5. Faɗi ɗaya, bolt ɗaya, yana shiga ramin, har an lanƙwasa ɗan ƙarfen ciki don ya danne shi. Amma abin da yake ɗauke da shi bai kai na mai kaurin ba, ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Wani can baya ya sa abin da ya samu a kusa.

Ƙusar ma ba ta tsira ba. A ƙarƙashinta akwai inbatar sola da tarin cajojin wayar gidan. Rimot irin wannan ba ya barci, kullum kunnensa a buɗe yake yana jiran kiran babur, kuma kayan lantarki suna fitar da hayaniyar da takan riƙa tashinsa a banza. Littattafan da kansu suna gargaɗi a nisanta shi da talabijin da kwamfuta. Batirin da ake sa ran ya yi kamar shekara biyu yana iya ƙarewa tun ba a je ko'ina ba.

Gyaran bai kai tsawon shan shayi ba. Aka sa CR2032 daga cikin kwalinsa a rufe, aka bi alamar + yadda tsohon yake, aka kama shi ta gefe don kada maiƙon yatsa ya shafe shi, aka miƙe ƙarfen. Tsohon kuwa na ce kada a jefar a tsakar gida, don yaro in ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu. Wuta ba ta sake ƙiftawa ba.

Muna shirin tashi mai agogo ya tambaye shi lambar gaggawa. Ƙanena ya ce wace lamba? Yawancin irin waɗannan babura suna zuwa da 'yar alama mai lambobi, wadda ake shigarwa a tayar da inji ran da rimot ya mutu murus ko ya faɗi a daji. Dillalin bai ba shi ba, shi kuma bai san ana tambaya ba. Ya kira lambar dillalin a nan take. A kashe.