Gidan Wada na Shirakawa: Takarda Ba Ta Baibaye Jinka

A ƙauyen Ogimachi na yankin Shirakawa, cikin kwarin Kogin Sho a lardin Gifu na ƙasar Japan, akwai wani tsohon gidan gona na katako da jinka da ake kira gidan Wada. Tun zamanin Edo, wanda ya ƙare a 1868, yake tsaye, kuma har yau zuriyar masu shi na zaune a wani sashe, sauran kuwa an buɗe wa baƙi. A 1995 gwamnatin Japan ta sa shi cikin muhimman kadarorin al'adu, a shekarar ce kuma hukumar UNESCO ta sa ƙauyukan Ogimachi da Ainokura da Suganuma cikin wuraren tarihi na duniya. Karramawar ta dace. Sai dai a ganina, hannun maƙwabta ne ya kawo gidan zuwa yau, kuma duk dokar kariya da ta manta da hannun nan ginin toka take yi.

Ginin da kansa ne shaidar farko. Sunan salon shi ne gassho, wato tafin hannu biyu da aka haɗa don addu'a, saboda tsinin jinkar, wadda gangarenta ya kusa digiri 60. Ba don ado aka tsayar da ita haka ba: dusar ƙanƙara a kwarin takan kai mita biyu, mai nauyi ce kuma, dole ta zame ko ta karya gida. Ba a buga ƙusa a ƙashin jinkar. Igiyar ciyawa da ɗanyen reshen wani itace, neso, ake ɗaure sanduna da su, reshen yana bushewa yana ƙara tamkewa, kuma ɗaurin yana barin jinka ta ɗan rausaya in iska ta taso. Goshin gidajen yana duban arewa da kudu, hanyar iskar kwarin, gefunan jinka kuma gabas da yamma, don rana ta busar da kowanne. Ƙasar noma kaɗan ce a tsakanin duwatsun, shi ya sa gidan ya zama masana'anta. A benayen da ke cikin jinka ake kiwon tsutsar siliki, zafin murhu da hayaƙinsa suna ratsa tsagin daɓen katako su ɗumama ta, kunkunniya kuma ta kori ƙwari daga ciyawa da igiya. A ƙarƙashin daɓe ake ruɓar da ganye da ƙasa da kashin tsutsa shekaru, a tace sinadarin haɗa albarushi. Da cinikinsa da na siliki iyalan Wada, masu riƙe da sarautar ƙauyen, suka yi arziki.

Amma jinka ruɓewa take yi. Bayan kamar shekara talatin sai an sake baibaya, aikin da gida ɗaya ba zai iya ba. Mutanen wurin suna da tsarin da suke kira yui, wanda Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa, don gayya ce: mutum ɗari ko fiye su taru, wasu a sama wasu suna miƙa dami, a gama kafin ruwa ya sauko, a kuma rubuta wanda ya zo domin a rama masa. Da sana'ar albarushi ta mutu, ta siliki kuma ta ja baya, aka kammala madatsar ruwa ta Miboro a 1961 ta haɗiye ƙauyuka, aka riƙa kwance gidaje ana sayar wa birane, mazauna Ogimachi ne suka fara tashi tsaye. A 1971 suka kafa ƙungiya bisa sharaɗi uku: ba sayarwa, ba ba da haya, ba rushewa. Kariyar gwamnati ga ƙauyen sai a 1976 ta biyo baya.

Wasu za su ce ai ya fi sauƙi a kwashe irin gidajen a kai gidan tarihi, kamar yadda aka yi a Nihon Minka-en da ke Kawasaki. An ceci gine-gine ta haka, ba musu. To amma ko a can sai an nemo masu hura wuta a murhu don hayaƙi ya tsare jinka, aikin da girkin uwar gida ke yi ba tare da an sa ta ba. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: baƙi fiye da miliyan ɗaya ke zuwa a shekara, musamman tun da aka kammala babbar hanyar mota da ta ratsa yankin a 2008, gidaje da yawa sun koma masauki da kanti, matasa sun ragu, kuma 'yan kwangila ne ke baibaye jinkaye da dama yanzu. Wannan gaskiya ne, kuma asara ce. Duk da haka, kuɗin baƙi da tallafin gyara su ne suka ba iyalai damar zama, sharaɗin hana haya kuma ya hana attajiran waje mayar da ƙauyen kasuwarsu. Gobara, babbar abokiyar gabar jinka, har yau mazauna ne ke sintirinta, su ne kuma ke gwada bututun feshin ruwa da aka kafa a tsakanin gidaje duk shekara.

Saboda haka hukumomin da ke sa gidajen karkara a rajista su auna nasararsu da yawan iyalan da suka rage a ciki da yawan matasan da suka iya ɗaurin neso, su kuma karkata tallafinsu can.