Tako da takardar mai balangu

Duk wanda ya saba tsayawa gaban mai balangu, a Sarkin Yamma ko a tashar Maraɗi, ba sai an yi masa dogon bayani kan tako ba, abincin bakin titi na mutanen Meksiko. Mai nama zai yanka maka a takarda, ya barbaɗa yaji, ya yayyanka albasar Galmi, ya ce, "Malam, a ƙara tonka?" Haka mai tako ke yi, sai dai shi takardarsa har ita ake cinyewa: 'yar gurasa ce mai faɗin tafin hannu, ta masarar da aka dafa da farar ƙasa ko ruwan toka kafin niƙa. Sau da yawa biyu ake haɗawa, don kada romo ya huda ta.

A birnin Meksiko kayan haɗin ba su da yawa: albasa, ganyen koriyanda, matsin lemun tsami, sai miyar tonka ja ko koriya, kowa ya ɗiba daidai ƙarfin harshensa. Takon da ya fi suna can, mai naman da ake gasawa a tsayayyen ƙarfe, gadon 'yan Labanan ne da suka zo da shawarma. Mutanen gari suka musanya rago da alade, suka ɗora abarba. Wannan kam ba namu ba ne. Namu yana jihar Hidalgo, inda ake naɗe rago da ganye a binne shi cikin rami mai garwashi ya kwana, a kawo shi da romonsa a kwano daban. A Ensenada kuwa, bakin teku, soyayyen kifi ne da kabeji, abin da masuntan tafkin Madarumfa za su iya haɗawa ko yau.

Da Ba'amurke Glen Bell ya buɗe gidan sayar da tako na Taco Bell a Kalifoniya a 1962, sai tako mai gurasa ƙaras-ƙaras da latas da cuku ya bazu. Faransawa suka zarce: a unguwannin Liyon aka cusa nama da soyayyen dankali da narkakken cuku cikin gurasar alkama, aka danne a ƙarfe mai zafi. Yana ƙosarwa, ba musu. Amma ni dai ban yarda da naman da aka lulluɓe har ba a ganin gashinsa ba. Mahaucin da ya cika yaji, a tambaye shi yaushe aka yanka dabbar.