Kafin Ka Aika Kuɗin Tarakta Gida

Da zarar watan Mayu ya kama, wayoyi sukan fara ƙara a unguwannin Kotobabi da Nima da Mamobi na Accra. Ƙane ne ko ɗan wa yake kira daga Yendi ko Walewale ko Savelugu: ruwa ya sauka, a turo kuɗin tarakta. Sai mutumin zango ya tura ta waya, ya koma harkarsa, yana jiran buhunan masara da kaka. Ba kasafai yake tambayar ranar da taraktar ta shiga gonar ba, ko ƙasar tana jiƙe, ko zurfin da garmar ta yi. Alhali a nan ne ake yin asarar da ba a gani.

Tun shekarar 2007 gwamnatin Gana ta fara kafa cibiyoyin hayar tarakta da ake kira AMSEC, 'yan kasuwa ma suka sayo nasu, galibi tsofaffin Massey Ferguson. An samu sauƙi, babu musu. Amma damina ɗaya ce a arewa, kowa kuma yana son a yi masa huɗa a makonni guda. Direba kuwa a kan eka ake biyansa. Idan layi ya zo kanka washegarin ruwa mai ƙarfi, ba zai jira ƙasa ta sha iska ba. Zai shiga ya gama, ya wuce gona ta gaba.

Ƙasa mai lafiya cike take da ƙananan ƙofofi da ruwa da iska da saiwa ke bi. Idan tana jiƙe aka ɗora mata nauyi, ƙofofin sai su toshe, kuma takun taya na farko shi ne ya fi yin ɓarna. Sannan ga garmar faifai da aka fi amfani da ita: tana juya ƙasar sama, amma tana murje ta ƙasa, tayar tarakta kuma tana tafiya a cikin kwarin huɗar. In aka maimaita haka shekara da shekaru a zurfi ɗaya, sai a samu wani danƙararren shimfiɗi a ƙarƙashi, kimanin santimita 15 zuwa 25, kamar daɓen ɗaki. Daga sama gona ta yi laushi, gwanin sha'awa. Saiwar masara tana isa wurin sai ta lanƙwashe ta bi gefe.

Abin da ke biyo baya manoma sun san shi, sai dai sukan ɗora laifin a wani wuri. Ruwa ya kwanta a gona bayan an ɗauke, ko ya gudu ya tafi da ƙasar sama da takin da aka sayo da tsada. Ruwa ya yi fashin mako biyu, masara ta yi yaushi, domin saiwarta ba ta kai ga danshin ƙasa ba. Iska ta taso, kara ya zube. Sai a ce takin zamani ne ba shi da kyau, a sake kiran Accra a ƙaro buhu. Ƙasar arewacin Gana kuwa a wurare da dama ba ta da zurfi, marmara na kusa, don haka ba ta da rarar da za a yi wasa da ita.

A fadamar shinkafa irin ta Asutsuare, da gangan ake kwaɓa ƙasa don ta riƙe ruwa. Wannan dabam. Masara da dawa da gyaɗa da doya ba sa son haka.

Gano matsalar ba ya buƙatar injiniya. Ka ce wa mai kula da gonar ya samu sandar rodi, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, ya danna ta a wurare dabam-dabam, sannan ya gwada a bakin gona inda tarakta ba ta bi. Ya tuge masara ɗaya ya ɗauki hoton saiwarta ya turo maka. Kafin a yi huɗa kuma, ya ɗebo ƙasa daga zurfin garma ya murza a tafin hannu: idan ta miƙe ta yi igiya ba ta karye ba, a dakata.

Idan daɓen ya riga ya samu, ana fasa shi da garma mai haƙora lokacin da ƙasa ta bushe, ba a jiƙe ba. A rage yawan zagayen tarakta, a bar motar ɗaukar amfani a hanya ɗaya, a daina ƙone karan gona, a zuba takin dabbobi, a riƙa sauya masara da wake ko waken suya. A Amanchia, kusa da Kumasi, Dakta Kofi Boa ya daɗe yana koyar da noma ba tare da huɗa ba, inda ake rufe ƙasa da ganye da kara a shuka a ciki. Ba kowace gona hakan zai yi wa sauƙi ba, musamman inda shanu da gobarar daji ke cinye karan da rani, amma ana iya gwadawa a rabin eka a kwatanta.

A ganina, gara ka biya direba ɗan ƙari ya dawo bayan kwana biyu. Ka faɗa wa ƙanenka haka tun kafin ka tura kuɗin, domin idan tarakta ta riga ta tsaya a bakin gona, da wuya ya iya cewa ta juya.